Zauren Iyali: Amsoshin Tambayoyinku kan Reno da Lafiyar Hankali

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan daga jihohin Kebbi da Zamfara sun fi karkata ga batu guda, wato yadda renon 'ya'ya yake taɓa hankalin mai renon da na wanda ake reno. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a Argungu, kuma wata huɗu ke nan da na haifi ɗana na biyar. Tun da na gama wankan jego na kasa gane kaina. Kuka yakan zo mini ba tare da wani ya yi mini komai ba, barci ba ya ɗaukata ko da jaririn ya yi barci, abinci kuma sai na tilasta wa kaina. Abin da ya fi damuna shi ne yadda nake dukan manyan yaran a kan abin da bai taka kara ya karya ba, daga baya in shiga ɗaki in yi ta nadama. Maigidana yana fadama wajen noman rani tun asuba har magariba. Uwar mijina ta ce rashin godiyar Allah ne, tunda akwai masu neman haihuwa ido rufe ba su samu ba, wata maƙwabciya kuma ta ce iska ce ta shafe ni. Shin na zama muguwar uwa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba ki zama muguwar uwa ba. Abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da larurar da likitoci suke kira ciwon damuwar bayan haihuwa. Ya kamata a bambanta shi da ɗan raunin zuciyar da yawancin masu jego suke ji a kwanakin farko, daidai lokacin da ruwan nono yake kawowa, inda mace za ta riƙa zubar da hawaye ba dalili, wanda kuma yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Naki ya kai watanni, ya taɓa barci da cin abinci, ya kuma sauya mu'amalarki da 'ya'yanki, saboda haka ya wuce abin da za a ce a yi haƙuri a jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mata 13 cikin 100 da suka haihu suna fama da larurar hankali, galibi wannan ta damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa 20 cikin 100. Idan aka jera masu jego goma a layin rigakafi, ba mamaki biyu daga cikinsu suna ɗauke da abin da kike ɗauke da shi, sai dai kowace ta yi gum don kada a ce ta cika raki.

Dalilan suna da yawa, kuma haɗuwa suke yi. Sinadaran da suke hauhawa a jikin mace lokacin goyon ciki suna faɗuwa ƙasa warwas cikin 'yan kwanaki bayan fitar mabiyiya. A kan wannan sai ga rashin barci, ga ƙarancin jini da ya zama ruwan dare ga matanmu, ga haihuwa kusa-kusa da ba ta barin jiki ya murmure. Akwai kuma wani dalili da na ga ba a cika lura da shi ba. Al'adarmu ta jego tana da hikima babba, domin a haihuwar fari mace takan koma gaban iyayenta, a ɗauke mata girki da wanki, a dama mata kunu, a gasa mata nama, a karɓar mata jariri ta runtsa. Amma wannan gatan yana raguwa da yawan haihuwa, har ta kai ga a ta biyar ana ganin ai ta saba, alhali a lokacin ne nauyin ya ninka, tunda ga huɗu suna jiran tuwo da wanka. Da zarar an yi arba'in kowa ya watse, sai a bar ta da gida ita kaɗai, kuma ban yi mamaki ba da kika ce a daidai nan abin ya fara.

Maganar uwar mijinki ba ta mugunta ba ce, iyakar abin da ta sani ke nan, amma ba daidai ba ce. Alƙur'ani ya ba mu labarin Nana Maryam, wadda ba a tantama a kan imaninta, cewa lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino ta yi burin da ta mutu kafin wannan rana. Ba a tuhume ta da rashin godiya ba, sai aka ce kada ta yi baƙin ciki, ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. Addu'a da azkar su ci gaba, ba su cin karo da magani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɓata watanni ana turare da tsubbu da sunan fitar da iska, ciwon yana ƙara zama.

Dole in gaya miki gaskiya cewa halin da kike ciki yana shafar yaran, ba don in ƙara miki nauyi ba, sai don maigidanki ya san abin na gaggawa ne. Jariri daga fuskar uwarsa yake koyon ko duniya wurin aminci ce, yana yin gwaranci ta amsa masa, yana murmushi ta mayar masa, kuma uwar da damuwa ta danne takan rasa ƙarfin wannan amsawar. Binciken da Farfesa Atif Rahman ya jagoranta a karkarar Rawalpindi ta ƙasar Pakistan ya gano cewa jariran iyaye mata masu wannan ciwo sun fi yawan rama da gudawa. Abin farin cikin shi ne, da aka horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauyukan suka riƙa ziyartar iyayen suna tattaunawa da su bisa wani tsari, sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa masu ciwon a cikinsu ba su kai rabin na waɗanda ba a bi da su ta wannan tsari ba. Ciwo ne da yake jin magani.

Ki je asibitin da kike kai jaririn rigakafi, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya abin da kika rubuto mini ba tare da ragi ba, ki nemi a auna jininki, a kuma tura ki wurin likita, ko a nan Argungu ko a Birnin Kebbi. Akwai magungunan damuwa da mai shayarwa za ta iya sha, amma likita ne yake zaɓarsu, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ji daɗinsu, don haka kada a saya a kemis, kada kuma a daina da an ji sauƙi. Idan tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, ko kika fara jin muryoyi, ko kika kwana biyu ko uku ba barci sam hankalinki yana rikicewa, wannan ba na jira ba ne, a kai ki asibiti a ranar. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato an kafa shi ne domin irin wannan.

Ga maigida kuma, idan an karanta masa wannan shafi, ina roƙonsa ya nemo ƙanwarsa ko gwaggonki ta zo ta zauna wata ɗaya ko biyu, yadda za ki samu barcin awa huɗu ko biyar a jere kowane dare. Shinkafa tana bukatar ban-ruwa, na sani, amma ya ware lokaci bayan isha'i ya zauna ya saurare ki. Su kuma manyan yaran, ki kira su ki gaya musu cewa Inna ba ta jin daɗi ne, ana nema mata magani, kuma ba su ne suka jawo ba, domin yaro idan ya ga uwarsa tana kuka, kansa yake fara zargi.

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ni magidanci ne a Ƙaura Namoda, sana'ata sayar da hatsi. Babban ɗana namiji yana da shekara 15. Tun yana ƙarami ban taɓa sassauta masa ba, domin ni ma da dorina mahaifina ya rene ni, ga shi kuma ban lalace ba. Yanzu idan na shigo gida sai ya fice, idan na yi masa magana ba ya wuce “to”, karatunsa ya ja baya, kuma kwanan nan mahaifiyarsa ta tsinci wasu ƙwayoyi a aljihun rigarsa. Na yi masa dukan da ban taɓa yi masa ba, ko hawaye bai yi ba. Wasu abokaina sun ba ni shawarar in kai shi gidan mari. Ina na yi kuskure, tunda an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi?

Amsa: Malam, na gode da wannan wasiƙa, domin iyaye maza ƙalilan ne suke yarda su yi tambayar da ka rufe da ita. Zan fara da maganar cewa kai ma haka aka yi maka ba ka lalace ba, saboda ita ce hujjar da na fi ji a bakin magidanta. Ka tuna sa'o'inka da kuka tashi tare a unguwa ɗaya, aka yi muku horo iri ɗaya. Na tabbata a cikinsu akwai wanda ya gudu ya bar garin, akwai wanda ya faɗa shaye-shaye, akwai wanda har gobe ba ya iya zama da iyalinsa ba tare da tsawa ba. Waɗanda suka tsira ne kawai ake jin bakinsu. Sannan ka sake duba renon da aka yi maka gaba ɗayansa. Mahaifinka yana da dorina, amma kuna tafiya gona tare, kuna yini a kunya ɗaya, yana nuna maka yadda ake riƙe fartanya, da dare ka ci tuwo kusa da shi. Idan ya zafafa akwai ɗakin kaka da za ka ruga, akwai kawu da zai sa baki a yi maka afuwa. Da yawa daga cikin gidajenmu na yau sun gaji dorinar, amma sun rasa gonar da kakar da kawun. Uba yana fita kasuwa yaro yana barci, ya dawo a gajiye, sai ya zama ba ya haɗuwa da ɗansa sai ranar hukunci.

Masu nazarin halayyar yara sun daɗe a kan wannan batu. Tun a shekarun 1960 wata masaniya a Kaliforniya mai suna Diana Baumrind ta lura cewa yaran da suka fi natsuwa da iya riƙe kansu su ne na iyayen da suka haɗa abu biyu, doka tsayayya da kuma kusanci, suna hanawa suna kuma bayyana dalili. 'Ya'yan masu tsanani zalla sukan tashi da tsoro da ƙunci, na masu sakaci kuma su tashi ba linzami. A 2016 Elizabeth Gershoff da abokin aikinta sun tattara binciken shekaru 50 da ya shafi yara sama da 160,000, suka ga cewa yawan duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai, da faɗa, da larurar hankali. Za ka iya cewa wannan na Turawa ne, kuma tambaya ce mai kyau. An yi wani nazarin a ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Indiya, aka tarar cewa inda duka ya zama al'ada illarsa takan ɗan ragu, saboda yaron ba ya jin shi kaɗai aka ware, amma ba ta gushewa.

Dalilin a fili yake. Tsoro yana hana yaro aikata abu a gabanka, amma ba ya koya masa dalilin barinsa, sai ya ƙware wajen ɓoyewa. Jikin da kullum yake cikin ɗar-ɗar yana yawan fitar da sinadaran fargaba, su kuwa suna dagula barci da riƙe karatu, abin da zai iya zama ɗaya daga cikin dalilan ja-bayansa a makaranta. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna sakamako kafin aiki ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, saboda haka ɗan shekara 15 yana bukatar babban da zai ara masa tunani, kuma ba zai je wurin wanda yake gudu ba. Rashin kukan da ya yi a dukan ƙarshe shi ya fi tayar mini da hankali, domin alama ce ta cewa ya rufe ƙofa, bulala ta gama iyakar aikinta a kansa.

Ta fuskar addini ma, wanda muke koyi da shi bai bar mu cikin duhu ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa ce masa ko “tir” ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzo yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Na san hadisin da ya yi maganar duka a kan salla idan yaro ya kai shekara goma, amma malamai sun gindaya masa sharuɗɗa, cewa kada ya raunata, kada ya taɓa fuska, kada kuma a yi shi cikin fushi, kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin dukan da ake yi a gidajenmu huce haushi ne. Haka nan a kiyayi baki. An hana mu yi wa 'ya'yanmu mugun fata, kuma kalma irin ta “ba za ka yi albarka ba” takan zauna a zuciyar yaro bayan tabon dorina ya baje.

Batun gidan mari, ina roƙonka ka cire shi daga ranka. Duk mun ga abin da aka bankaɗo a 2019 a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, ciki har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon azaba a baya. Ƙwayoyin da aka tsinta kuwa, ka kai su wurin likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna a gane ko mene ne, domin matakin da za a ɗauka idan tramol ne ya bambanta da na maganin barci. Sau da yawa matashi yana fara shan ƙwaya ne don ya kashe wani abu da yake ci masa rai, kuma a wurin samari ciwon damuwa yakan fito da siffar fushi da janyewa daga mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin larurorin hankali suna farawa ne daga shekara 14 zuwa ƙasa, wato ɗanka yana daidai gaɓar da ya kamata likita ya gan shi. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ba ta yi muku nisa ba. Idan ya taɓa furta cewa gara ya mutu, kada a ɗauka barazana ce, a tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa ko yana tunanin halaka kansa, domin tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sai ma ta ba shi damar magana.

Abin da ke hannunka kai kanka shi ne ka sake gina hanyar da ta toshe. Ka tafi da shi rumfarka ranar da ba makaranta, ka damƙa masa mudu da littafin bashi, ka bar shi ya yi ciniki ko da zai yi kuskuren canji. Samari sun fi sakin baki idan ana aiki kafaɗa da kafaɗa, fiye da idan an zaunar da su ana kallon idonsu. A wata rana irin wannan ka ce masa ka san ka tsananta, kuma kana son ku sauya zama. Wannan ba zai rage maka girma ba. Dokoki su tsaya, amma su zama kaɗan kuma sanannu, kamar lokacin dawowa gida, da salla, da abokan da zai yi hulɗa da su, a kuma faɗi hukuncin saɓawa tun kafin a saɓa, kamar karɓe waya na mako guda. Idan yana da kawu ko baffan da yake sakewa da shi, ka jawo shi cikin lamarin. Kada ka sa ran ganin canji a mako ɗaya, zai ɗauki lokaci yana gwada ko da gaske kake. Ka kuma duba kanka, domin halin da kasuwa da hanyoyin Zamfara suke ciki ya sa magidanta da yawa suna shiga gida da wuta a ƙirji, wadda ba yaran ne suka hura ta ba.

Tambaya: Malama, ina zaune a Tudun Wada ta Gusau, kuma ina riƙon ɗan ƙanena mai shekara bakwai tun bayan da 'yan bindiga suka kai hari ƙauyensu a yankin Zurmi, suka kashe mahaifinsa. Yaron ya koma fitsarin kwance alhali ya daɗe da bari, yana firgita cikin dare, idan ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin gado. Yaran gida suna tsokanarsa da amalala, ni kuma na ce masa babansa ya yi tafiya ne. Me zan yi?

Amsa: Allah ya jiƙan ƙanenki, ya saka miki da alheri a kan wannan zumunci. Duk abin da kika lissafa martani ne da aka sani ga yaron da ya ga tashin hankali. Jikinsa bai samu labarin cewa haɗarin ya wuce ba, shi ya sa yake zaune cikin shirin gudu, kuma komawa ga halin ƙuruciya, irin su fitsarin kwance da manne wa babba, yana cikin alamomin. Yara irinsa sun yi yawa a wannan yanki. Sace ɗalibai mata 279 a Jangebe da aka yi a watan Fabrairun 2021, da na kwalejin Birnin Yauri a watan Yunin shekarar, su ne duniya ta ji, amma na ƙauyuka da ba a ƙirga ba sun fi haka nesa ba kusa ba. Abin da masana suka fi haɗuwa a kai shi ne, babban abin da yake taimakon irin wannan yaro ya farfaɗo shi ne samun babba guda ɗaya tsayayye wanda ba ya sauya masa fuska, kuma ke ce wannan babban.

Ki hana tsokanar nan yau, ki tara yaran gidan ki gaya musu ciwo ne ba ƙazanta ba. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gadonsa, a rage masa ruwa bayan magariba, a kai shi bayi kafin ya kwanta, idan kuma ya jiƙa shimfiɗa a sauya ba tare da surutu ba. Yana da kyau a gwada fitsarinsa a asibiti, don a tabbatar babu tsargiya ko wani ciwon mafitsara. Lokacin cin abinci da na makaranta da na kwanciya su zama ba sa canzawa, domin sanin abin da zai faru gobe yana kwantar da hankalin yaron da duniyarsa ta rushe a dare ɗaya. Idan babur ya wuce ya firgita, ki riƙe shi ki ce masa ɗan kabu-kabu ne, har a hankali ya iya tsayawa a ƙofar gida tare da ke yana kallonsu. Idan kika ga yana wasan bindiga da kara kada ki tsawata, da wasa yara suke fitar da abin da bakinsu ya kasa faɗa. Masu zuwa gaisuwa kuma a hana su maimaita labarin harin a gabansa.

Maganar tafiya ce nake so ki gyara. Yaron da aka ce wa babansa ya yi tafiya zai zauna jiran dawowarsa, ko ya ɗauka gudunsa aka yi, kuma ranar da ya ji gaskiya a bakin yaran unguwa zai daina yarda da ke. Ki zaunar da shi ki gaya masa cikin kalmomi masu sauƙi cewa Baba ya rasu, ya koma ga Allah, ba zai dawo ba, ba laifinsa ba ne, kuma nan gidansa ne. Ki koya masa yi wa mahaifinsa addu'a. Ba laifi ya ga hawayenki, tunda ke ma ɗan'uwa kika rasa. Idan bayan wata biyu ko uku abin bai fara sauƙi ba, ko ya daina magana ko cin abinci, ki kai shi wurin likitan yara a Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya.

Tambaya: Malama, ni budurwa ce daga Yawuri, shekarata 23, kuma ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa jawo ni jikinta ba, alhali ina ganin yadda take wasa da ƙannena. Kakata da ta yaye ni ta rasu ina 'yar shekara shida. Har yau ina jin kamar ban cancanci a so ni ba. An sa ranar aurena, kuma ina tsoron in yi wa nawa ɗan haka.

Amsa: 'Yata, abin da mahaifiyarki take yi shi ne kunyar ɗan fari, kuma kusan tabbas ita ma haka aka yi mata. Al'adar ba a gina ta a kan ƙiyayya ba. An gina ta ne bisa zaton cewa akwai kaka a gefe wadda za ta yi wa ɗan fari gata a fili, ta goya shi, ta yi masa kirari, ta ɓoye masa ƙanzo da ƙuli-ƙuli, ta yadda abin da uwa ta hana kanta nunawa zai iso masa ta wani hannun. A wurinki hannun ya yanke tun kina shekara shida, kunyar kuwa ta ci gaba, kuma ba wanda ya lura an bar ki a tsakiya. Saboda haka ciwon da kike ji na gaske ne, ba shagwaɓa ba ce. Sai dai hukuncin da kika yanke wa kanki, cewa ba ki cancanci so ba, hukunci ne na yarinya 'yar shekara shida da ba ta da wanda zai yi mata bayani, kuma yanzu kin isa ki sake duba shi.

Tsoron da kike ji game da naki ɗan alama ce mai kyau, domin waɗanda suka fi maimaita abin da aka yi musu su ne waɗanda ba su taɓa tsayawa sun dube shi ba. Za ki iya riƙe alkunya a gaban surukai, ki sakaya sunansa idan mai sunan wani babba ne, amma a ɗakinki ki rungume shi, ki yi masa magana da waƙa tun yana zanen goyo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a shekarun 1980, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar iyayen yara masu tsumburewa sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya musu wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu masu tsumburewa waɗanda ba a koya wa iyayensu wannan ba da kimanin kashi 25 cikin 100, wata bibiyar da aka yi kuma ta nuna sun fi su ƙarancin damuwa.

Game da mahaifiyarki, kada ki tunkare ta da tuhuma, domin za ta ji kunya ta ƙara rufewa. Idan tana da ƙanwa ko aminiya, ki fara buɗe wa ita cikinki, sau da yawa a bakin irin waɗannan ake jin shekarun da uwa ta yi tana zuba adashi don kayan ɗakin 'yar da ba ta kiran sunanta. Sannan ki nemi lokacin da kuke ku biyu, wataƙila kuna jera kwanukan da za a kai gidanki, ki tambaye ta yadda aka yi ranar da ta haife ki, da wanda ya fara ɗaukarki, da yadda ta ji ranar da aka kai ki yaye. Mai yiwuwa ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri, ko ta ce ki bar wannan magana. Idan ta ce haka ki bari, ki sake gwadawa bayan biki, lokacin da kika zo ganin gida.